Hular Kwanon da Ta Tona Mini Asiri a Hanyar Fayum

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a ta shekarar 2014 ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, waɗanda suka halarci abin ba su da shirin barina. Amma kafin in shiga labarin, wajibi ne in fara kafa hujja, domin ni mutum ne mai son a bi ƙa'ida (na daɗe ina riƙe da muƙamin magatakardan ƙungiyar ɗalibai 'yan jiharmu a Alƙahira, kuma ba a taɓa dawo mini da rahoton taro don gyara ba). Hujjar ita ce, duk matuƙin da ya ɗauki fasinja, haƙƙi ne a wuyansa ya yi masa cikakken bayani kafin a tashi. Ba ni na ƙirƙiro wannan doka ba, daga bakin matuƙan na ji ta, kuma da ita suke alfahari. To ni an yi mini bayani, amma an tsallake abu guda, kuma abin da aka tsallake ɗin ya kusa raba ni da matar da nake nema.

A lokacin ina zaune a unguwar Darrasa a Alƙahira, ina karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, ina kuma neman auren Intisar, 'yar Dakta Bashir na unguwar Ma'adi. Dakta likitan ido ne, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Kano za su aikin hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Dattijo ne mai furfura da natsuwa, idan ka gan shi a masallaci. A wajen masallaci kuwa, shi da abokansa suna da 'yar ƙungiya ta masu tuƙa ƙananan jiragen sama don nishaɗi, irin masu kujera biyun nan. Da yake filin jirgin yana can bayan gari ta hanyar Fayum, sai suka mayar da zuwa can wani nishaɗin na daban: kowace Juma'a da sassafe suna hawa manyan babura su tafi a jere. Ba irin baburan da na sani a Zariya ba. Waɗannan idan an jingine su sai ka ɗauka bijimai ne aka ɗaure.

Na sha zuwa gidansa gaisuwa. In durƙusa, in sunkuyar da kai, ya ba ni shayi, ya yi ta ba ni labarin jirgi, amma maganar da ta kawo ni ko kusa da ita ba ya zuwa. A ɗaya daga cikin waɗannan ziyarori ne ya ɗauko abin da matuƙa ke sawa a kunne ya nuna mini, ya ce, "Ka ga wannan, ya Ustaz? A jirgi kana jin kowa a rediyo, amma na waje ba ya jin ka sai ka danna maɓalli." Na riƙe wannan magana da kyau, kamar yadda nake riƙe duk abin da babba ya faɗa. (Mai karatu ma ya riƙe ta, za ta yi amfani.)

Da na gaji na kai kuka wurin Intisar, sai ta ce, "Malam, Baba ba ya yanke hukunci a falo. Ya ce a falo kowa mutumin kirki ne." Ba a jima ba kuwa ya kira ni da kansa: "Ranar Juma'a ka zo mu je filin jirgi. A can zan ba ka amsarka."

Intisar ta ja mini kunne in sa wando da jaket. Na bayyana mata cikin ladabi cewa ɗan Zariya ba ya zuwa karɓar amsar aure cikin jaket. Na fito da babbar rigata ta farar shadda, na kai wa mai guga, na ce kada ya ji tausayin sitati.

Na iske su a ƙasan benen Dakta, kowa yana zagaya baburinsa, yana taɓa taya, yana leƙa mai, yana gwada fitila, domin yadda suke yi wa jirgi kafin tashi haka suke yi wa babur. Akwai Ammu Magdi, wani tsohon Bamisire mai shagon magani, da Injiniya Sale, mutumin Jos da ke aiki a wani kamfani a Alƙahira, da wasu Misirawan. Ita ma Intisar tana da nata baburin, kuma ita ce ke bin su a ƙarshen layi don kada a bar wani a baya. Injiniya Sale ya dubi rigata daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, ɗaurin auren yau ne ba a gaya mana ba?" Na yi murmushi irin na wanda ya fi ƙarfin zolaya.

Sai Dakta ya tsayar da ni ya yi mini bayanin fasinja, kuma in faɗi gaskiya ya yi shi da tsari. Ga inda zan ɗora ƙafa. Salansa tana ƙuna, kada in taɓa ta. Idan ya kwanta a kwana in kwanta tare da shi. Daga ƙarshe ya ce, "Ka riƙe ƙuguna da hannu biyu, ya waladi," wato ɗana.

A nan ne na ji kamar ƙasa ta tsage. A garinmu mutum ko ido ba ya haɗawa da surukinsa, idan ya hango shi a hanya ma sai ya sake layi. Yau ga ni za a ce in rungume ƙugun wanda nake neman 'yarsa, a bainar jama'a, ita kuma tana baya tana kallo! Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mu a kan acaɓa muka girma. Ba sai na riƙe ba." Ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Tamam," wato ba laifi. Na tattara rigar na danne ta ƙarƙashin cinyoyina, na kama ɗan ƙarfen da ke bayan kujera, na bar tazarar mutunci tsakanina da shi.

Da aka kifa mini hular kwano sai na ji muryoyi a kunnena, kowa yana faɗin sunansa yana cewa tamam. Na gane cewa mutanen nan, saboda son rediyo irin na matuƙa, sun haɗa hulunan nasu da juna. Na laluba tawa ciki da waje ban ji maɓalli ba. Sai na yi ƙiyasi, wanda shi ne sana'ata: tunda ba a jin mutum sai ya danna maɓalli, kuma tawa ba ta da maɓalli, to tawa ta saurare ce kawai, an yi ta don baƙi. Hankalina ya kwanta.

"Yalla, mu je," in ji Dakta.

Safiyar Juma'a titunan Alƙahira fayau suke. Muka bi gaɓar Nilu, muka haye gada, ni kuma na miƙe baya sosai don mai kallo daga ƙarshen layi ta ga zaman dattako. Sai dai ina da wata ɗabi'a tun ina yaro, idan na tsorata bakina ba ya rufuwa. Da Dakta ya ratsa tsakanin wata bas da maikurobas, ƙaramar motar hayar nan tasu, sai na ji kaina ina cewa, "Haba dattijo! Da furfurarka kana tuƙi kamar ɗan acaɓan Sabon Gari?" Da ya kwanta a wata kwana na ƙara da cewa, "Likitan ido, amma bai ga ramin can ba." Na lura hirar da ake yi a kunnena ta ɗauke ɗif. Na ce a raina, rediyon ne ya daina kamawa.

Muna fita daga gari muka hau titin sahara, Dakta ya murɗa totur. Abin da ya biyo baya na fi saninsa daga bakin shaidu. Iska ta zare rigar daga ƙarƙashina, ta shiga ta hannun dama da na hagu lokaci guda, sitatin nan da na biya kuɗinsa ya yi aikinsa, rigar ta kumbura a bayana kamar laimar saukowa daga jirgi. Na ji ana jana baya, ƙarfen da na riƙe yana zamewa. Tazarar mutunci ta ƙare a nan. Na rungume Dakta da hannu biyu, na haɗa da gwiwoyi, na kifa kaina a bayansa, na rufe ido.

Na fara da kalmar shahada, wannan ba abin kunya ba ne. Na bi da addu'ar tafiya, na haɗa da ta shiga kasuwa, domin duk wadda ta zo bakina karantawa nake. Daga nan na kira Inna, mahaifiyata, da ke can Zariya ba ta san abin da ake ciki ba. Na yi alkawarin azumin da har yau ban gama biya ba. Sannan na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Na fasa! Wallahi na fasa auren! Akwai 'yan mata a Zariya waɗanda iyayensu a ƙasa suke tafiya!"

Ina rufe baki sai na ji wani tsoron da ya fi na titi. Idona a rufe na ce, "Astagfirullah. Ya Allah, kada a rubuta wannan, ban fasa ba. Intisar nake so. Ko a fiffiken jirgin tsohon nan zai ɗaure ni, zan hau. Ka dai sauke ni da raina in aure ta." Na ci gaba da maimaita wannan har na ji injin ya mutu.

Mun tsaya ne a wata rumfar shayi kusa da filin jirgin. Na saki Dakta, na sauka, na cire hular, na gyara rigata, na daidaita murya, na ce, "Alhamdu lillahi. Tafiya mai daɗi. Iskar wajen gari akwai lafiya."

Injiniya Sale ya kifa kansa a kan tankin baburinsa, kafaɗunsa suna rawa. Intisar ta cire hularta, ta gyara ɗankwali, ta dube ni ta ce, "Malam, 'yan matan Zariyan nan, su nawa ne?"

Na ce, "Ai hulata ba ta da maɓalli."

"Babu mai maɓalli a cikinsu," in ji Injiniya, yana share hawaye. "Wa zai saki kan babur ya danna maɓalli? Murya ce ke buɗe ta. Tun daga ɗan acaɓan Sabon Gari muke tare da kai."

Na ce, cikin fushin da nake ganin ina da haƙƙinsa, "To me ya hana ɗayanku ya yi mini magana?"

Dakta ne ya amsa, fuskarsa babu alamar wasa. "Ƙa'ida ce, ya Ustaz. Idan wani yana magana a rediyo ba a katse shi. Idan kuwa kiran neman agaji yake yi, kowa shiru yake yi ya bar masa layi har ya gama. Kai kuma ba ka gama ba." Ya kuma shaida mini cewa tun daga kalmar shahada ya sassauta gudu, har wata tsohuwar motar kankana ta wuce mu ina tsakiyar kiran Inna, direbanta yana ɗaga mana hannu.

Duk wannan lokaci Ammu Magdi yana jan hannun Injiniya yana tambayar me na ce, domin shi addu'o'in kawai ya fahimta. Injiniya kuwa ya zauna ya fassara wa Misirawan nan jawabina kaf cikin Larabci, da muryata, da kakkarwata, bai rage ko kiran Inna ba. Ammu Magdi ya yi dariya har ya ƙware da shayi, yana bubbuga bayana yana cewa ma'alish, wato in yi haƙuri.

Ni dai na nemi gefen benci na zauna, na tabbata cewa amsata ta riga ta fito. Na zagi tuƙin mutum, na taɓa sana'arsa, na kira shi tsoho, na rungume shi, sannan na fasa auren 'yarsa a cikin kunnensa. Ina lissafin yadda zan sami maikurobas in koma Darrasa sai Dakta ya zo ya zauna kusa da ni, ya miƙo mini kofin shayi.

Ya ce, "Samari sun sha zuwa falona, kowa ya karanta mini abin da ya haddace. Kai kaɗai na ji abin da ke cikinka. Ka fasa, sannan ka janye fasawar tun ba mu tsaya ba, kana zaton Allah kaɗai ke jin ka. A wurinmu, saƙon ƙarshe shi ake aiki da shi. Khalas, shi ke nan, ka turo manyanka." Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa, "Amma ramin nan na gan shi. Da gangan na bi ta gefensa."

An ɗaura aure bayan 'yan watanni, kuma ba ni da ƙorafi a kan wannan. Na kuma ɗauki darasi: duk hular da ba ni na saya ba, ba na magana a cikinta, kuma na daina yin ƙiyasi a kan abin da zan iya tambaya.

Ƙorafina a kan suna ne. Al'adar ƙungiyar ce kowa yana da laƙabin da ake kiransa da shi a rediyo, kuma tun daga ranar aka raɗa mini Ustaz Na-Fasa ba tare da an nemi yardata ba. Ammu Magdi da shi yake gabatar da ni ga baƙi. Matata kuwa, ko cefane na ce zan je anjima, sai ta ce, "Za ka je, ko ka fasa?"

Saboda haka ina gabatar da buƙata ga shugabannin wannan ƙungiya, cikin girmamawa. Na farko, a binciki dalilin da ya sa aka yi mini bayanin salansa aka bar bayanin hula, a kuma gano ko mantuwa ce ko shiri, domin har yau idan na tambayi surukina murmushi kawai yake yi. Na biyu, a ƙara wannan gargaɗi cikin bayanin da ake yi wa kowane fasinja, musamman masu neman aure. Na uku, a soke laƙabin nan daga rediyo, tunda ku da bakinku kuka ce saƙon ƙarshe shi ake aiki da shi, kuma duk kun ji nawa.