Turmina a Filin Jirgi

Zamanin Turawa, shekarar da za ni hajji ta jirgin sama, na zauna kasuwar Isa na yi lissafi irin namu na fatake.

"Mahaifina da ƙafa shekara biyu ya yi," na ce. "Ko jirgi ne, Kano zuwa Jidda sai ya ya da zango arba'in."

Aminina ya ce, "Kwana guda fa anka ce."

Na ce masa bai taɓa kora jaki ba.

Na kwashi buhun gero, turmi da taɓarya har Kano. A filin jirgi mai awon kaya ya dubi turmin, ya dube ni, ya kirawo abokan aikinsa kallo. Washegari sai ga mu Jidda, furar da na sayo Kano ko tsami ba ta yi ba.

Har yau a Sabon Birni, in na tashi za ni masallaci, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, ka mance turminka!"