Sarkin Ruwan Sparkbrook Ya Taya Inshora

A duk faɗin Birmingham, daga Small Heath har Perry Barr, babu ɗan Arewa da ya kai Alhaji Junaidu sanin ciniki. Wannan ba jita-jita ba ce, domin daga bakinsa muka ji, kuma ya maimaita mana har mun haddace. Akanta ne mai ofis a saman wani shagon nama a Stratford Road da ke unguwar Sparkbrook, kuma jikan fataken Kano, waɗanda a cewarsa ba a taɓa cutarsu ko da allura ba. Tun da ya sauka Ingila bai taɓa biyan farashin da aka fara faɗa masa ba. Ya taya mota, ya taya kafet, ya taya ragon layya ta waya. An ce har direban bas ya taɓa tambaya ko akwai ragi, amma wannan maƙiya ne suka faɗa.

Ilminsa guda ɗaya ne, kuma kyauta yake koyar da shi ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. Idan mai kaya ya faɗi kuɗi, ka taya ƙasa. Idan ya ce albarka, kada ka yi gardama, ka juya ka kama hanya. Kafin ka kai bakin layi za ka ji an ce, "Dawo, Alhaji, kawo." Haka kakansa ya yi a kasuwar Kurmi, haka shi ma yake yi a Ingila, kuma a ganinsa haka duniya take tun da aka halicce ta.

Da wannan ilmi ne ya sayi gida a bakin teku a Florida, can ƙasar Amurka. Ya haɗa duk abin da ya tara a shekarun aikinsa, ya sayar da filayensa na Kano, ya biya lakadan, babu banki a tsakani. Tsohon Ba'amurken da ya sayar masa ya sallama tun a tayin farko, har yana rawar jiki wajen sa hannu. Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin shaidar gwanintarsa. Bai tsaya ya tambayi abin da ke korar mutum daga gida mai kyau haka ba, domin manya ba sa tambaya, bayani suke yi.

Daga ranar muka naɗa shi Sarkin Ruwa, shi kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu. Gaskiya ne bai iya iyo ba, kuma idan zai tsallake gadar ƙaramin kogin cikin gari sai ya riƙe ƙarfen gefe. Amma sarauta ba ta bukatar mutum ya jiƙa ƙafa. Babu hirar da ba ta ƙarewa a Florida. Ka ce masa ana sanyi, ya ce a gidansa na can ana fanka. Ka ce masa ma'aikatan ƙaramar hukuma ba su kwashe shara ba, ya ce a can sau biyu suke zuwa. Ko gaisuwar mutuwa ya je, bayan addu'a sai ya nuna wa masu makoki hoton barandarsa, don su ga cewa duniya ba ta ƙare ba.

Ana nan sai lokacin sabunta inshorar gidan ya zo, kamfanin ya aiko da sabon farashi. Ya ninka na bara har uku. Dalilinsu shi ne gidan yana kan hanyar mahaukaciyar guguwar teku, wadda takan zo kusan kowace shekara ta kwashe rufin mutane, kuma kamfanoni da yawa sun riga sun tattara kayansu sun bar yankin. Alhaji ya karanta, ya yi murmushi irin na wanda abin nema ya samu. Ya gyara zaman hularsa, ko da yake waya zai buga, ya kira su.

Wata mata ce ta ɗauka. Ya gabatar da kansa da duk digirorinsa, sannan ya taya kashi ɗaya cikin uku. Matar ta ce farashin ba ya motsi. Ya ƙara ɗan abu kaɗan, don ta san da mutumin kirki take magana. Ta sake cewa ba ya motsi, kuma inshorarsa za ta ƙare a ƙarshen wata. Nan Alhaji ya gane cewa wannan ita ce albarkar Amurkawa. Ya ce mata Allah ya ba da kasuwa, ya kashe wayar, ya miƙe ƙafa yana jira.

Matarsa, Dokta Kubura, GP ce, wato likitar unguwa, kuma ta gaji da ganin mutanen da suka ce ciwo zai tafi da kansa. Ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban Latifa, ka biya mutanen nan kuɗinsu. Duk abin da muka mallaka yana cikin gidan nan."

Alhaji ya dube ta da tausayi. "Dokta, ki tsaya a kan paracetamol ɗinki. Wannan negotiation ne. Wanda ya fara kira shi ya faɗi. Yanzu haka suna can suna meeting a kaina. Customer irina, cash buyer, ba a barinsa ya kai bakin layi."

Sati ya wuce, ba su kira ba. Alhaji ya ce suna jan aji ne. Wata ya ƙare, inshorar ta mutu, ya ce yanzu ne hankalinsu zai tashi. Ya ƙure ƙarar wayarsa, ya daina barinta a mota. A masallaci yakan sa ta a aljihun gaba, daidai kan zuciya, don ko motsi ta yi ya ji. Da ita yake shiga wanka, a cikin leda. Sau ɗaya lambar waje ta shigo yana tsakiyar cin tuwo, ya ɗauka da hannun miya, ashe ƙaninsa ne daga Jidda yana gaisuwa. Bai taɓa jin haushin zumunci kamar ranar ba.

A gaban mutane kuwa sai abin ya zama darasi. Bayan sallar Juma'a a Small Heath yakan tara matasan injiniyoyi da likitoci ya ce, "Ku matsalarku tsoro. Bature ya turo muku bill, jiki na rawa ku biya. Ni na ajiye kamfani guda a Amurka yana jirana. Ku zuba ido ku sha kallo." Matasan sukan gyaɗa kai, domin dattijo ne, kuma motarsa ta tare musu hanyar fita.

Sai labarai suka fara nuna wani farin abu yana juyawa a kan taswirar teku, yana matsowa gefen da gidan Sarkin Ruwa yake. Aka raɗa wa guguwar suna, kamar jaririya. Kubura ta gaya masa ta karanta cewa da zarar an sa wa guguwa suna ta nufo gari, kamfanoni sukan rufe sayar da sabuwar inshora sai ta wuce. Alhaji ya ce ai haka mai tumatir yake cewa saura kwando ɗaya.

Amma gaskiya ya tsorata. Ya zauna a mota a bakin ofis, ya fito da lambar kamfanin, ya ɗora yatsa a kai. Ya tuna filayen Kano da ba za su dawo ba, ya tuna shekarun da ya yi yana hawa matakalar nan mai warin nama. Sannan ya tuna matasan Small Heath da abin da za su ce idan suka ji shi ne ya fara kira. Ya mayar da wayar aljihu. Gara teku ta ci gida da a ce jikan fatake ya koma wa mai kaya da ƙafarsa.

Ranar Lahadi aka yi sunan jikar Injiniya Sa'id, tsohon abokinsa, a wani zauren taro a Manchester. Guguwar ta riga ta sauka a Florida tun jiya, kowa a zauren ya gani a waya, kowa kuma ya yi kamar bai gani ba. Alhaji ya iso cikin babbar riga mai aska takwas. Ba a sa shi cikin masu jawabi ba, amma makirufo ya bi ta gabansa, kuma ba a yi makirufon da zai wuce Alhaji lafiya ba.

Ya yi wa jaririya addu'a a gurguje, ya shiga abin da ya kawo shi. "Jama'a, tarbiyya ita ce a koya wa yaro kada ya biya first price. Ni nan da kuke gani, ana guguwa ana komai, ban girgiza ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kamfanin nan, in sha Allahu, da kansu za su..."

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ta, ya ga lambar Amurka. Wani sanyin daɗi ya ratsa shi tun daga hula har takalmi. Ya ɗaga ta sama ya juya ta hagu da dama don na baya su gani.

"Injiniya, me na gaya maka? Ga su nan. Ku yi shiru ku koyi ciniki."

Ya bari ta ƙara ringin biyu, don kada su ga kamar yana ɗoki. Sannan ya buɗe lasifikar wayar, ya kanga ta a bakin makirufo, ya ce da Turancin manya, "Yes? Kun shirya magana yanzu?"

Muryar mace ce ta cika zauren, amma ba ta kamfani ba. Ta ce sunanta Bethany, maƙwabciyarsa ta Florida, wadda ya bar wa lambarsa. Ta ce tana fata yana zaune. Ta ce ruwa ya shiga gidansa ta ƙofar gaba ya fita ta baya da kujerun falo, barandar kuma ba ta san inda ta nufa ba. Rufin dai an gan shi, domin yana kwance a kan motarta.

Cokula suka tsaya a cikin faranti. Kubura ta sunkuyar da kai, ta rufe fuska da mayafi.

Bethany ta ce kada ya damu, abu ne mai sauƙi, ga biro a hannunta. Ya faɗa mata sunan kamfanin inshorarsa kawai, sauran aikin kuwa kamfanin zai ji da shi.

Alhaji Junaidu ya dubi wayar, ya dubi jama'a. Muryar matar tana fita tar daga kowace lasifika a zauren, har masu raba shinkafa a ƙofa suna jin numfashinta. Sarkin Ruwa ya matso da bakinsa ya ce, "Hello? Hello? Ba na jin ki. Network ɗin Manchester ɗin nan ba shi da kyau."