Ranar Ganin Likitan Jatau

A wani daji mai asibitoci goma sha biyu, majalisar lafiya ta haɗa su duka a kwamfuta ɗaya. Ko a wane asibiti ka yi tari, sauran sun sani. An daina kati, kowa ya koma lamba. Idan ranar ganin likita ta matso, na'ura ta fitar da suna, Aku ɗan aike ya tashi ya je ƙofar gida ya faɗa.

To, akwai wata Gauraka a bakin fadama, Tsahare, wadda mijinta Jatau ya rasu a asibitin kudu da ciwon ƙirji. Ranar kuwa babu sabis, sai ma'aikaciyar jinya ta rubuta rasuwar a takarda, takardar ta bi iska. A wajen na'ura Jatau yana nan da ransa, mai taurin kai ne kawai da ba ya zuwa asibiti.

Duk farkon wata Aku ya sauka a kan tsamiya ya ce Jatau ya zo ranar Talata, kada ya ci komai da safe. Tsahare ta amsa da to. Ita dai tun aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunya, maƙwabta kuma sun koma cewa marigayi. Wallahi kewa ta ci ta ƙwarai, har share gindin tsamiyar take yi tun jajibere.

Shekara biyu ana haka, sai Dila, jami'in tace bayanai, ya gano mai saɓa alkawari sau ashirin da huɗu. Da aka bincika aka tarar Jatau ne, kuma ya rasu, sai aka kira Tsahare gaban majalisa. Kura, shugaba, ta yi ta'aziyyar da ta makara, ta ba da haƙuri, ta ce yau za a gyara kuskuren.

Tsahare ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, ban kawo ƙara ba. Na san inda aka binne shi, ban haukace ba. Amma duk dajin nan na'urarku ce kaɗai take tambayarsa. Ku bar mini kuskuren nan. Ba magani yake ci ba, ba gado yake tarewa ba."

Har Kura ta goge ido, abin da ba a saba gani ba. Dila ya yi gyaran murya ya bayyana cewa Jatau shi kaɗai ya ɓata wa asibitin kudu matsayinsa a jerin asibitoci, kuma na'ura ba ta da gurbin wanda ya mutu amma ana son a riƙa kiransa. Aka jinjina kai, aka yi wa Jatau addu'a, Dila ya danna, sunan ya fita daga na'ura.

Da wata ya kama, Tsahare ta share gindin tsamiya, ta zauna har la'asar.

Rahoton majalisa ya nuna cewa a wannan watan, karo na farko, ba a bar kowa yana jira ba.