Rasuwar Mudun Bara'atu Ma'auniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Allah, Bara'atu ma'auniya ta kasuwar Tambuwal tana sanar da rasuwar mudunta, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi, bayan shekara talatin da fuɗu yana awo.

Marigayin ɗan icen maɗaci ne. Mijinta Jumare ya sassaƙa shi, ya kuma riga shi barin duniya da shekara tara.

Dattawa za su tuna shekarar da fataken Gwanja suka kusa daina sauka Tambuwal. Kowane gari da nasa mudu, na Fakku ya fi na Jabo ciki, kullum ciniki ya ƙare da rantse-rantse. Madugu Maccido ya gwada mudu bakwai gaban sarkin kasuwa, ya ɗaga wannan. Manoma suka yarda, fatake suka yarda, aka ɗora masa tambarin wuta a baki, aka shafa fatiha. Tun daga ranar ko Buzayen da ke kawo gishiri ba su karɓar gero sai a cikinsa.

Bai taɓa tauye baƙo don ɗan gari ba. Maganarsa biyu ce: “shaaa” in gero na zuba, “ƙwas” in ta kife shi da yamma. Tun da aka rufe Jumare, muryar da Bara'atu ta fi ji ke nan.

Ciwon ajali ya fara da 'yar tsaga a gindi. Gyartai ya ɗinke, ta liƙe da ƙaro, ta riƙa kwantar da shi cikin zane. Ranar Laraba tana cikin auna dawa ya rabe biyu a hannunta. Masu jira suka koma rumfar gaba.

Ya bar faifai ɗaya, da tsohuwar tabarma, da Bara'atu. Bai bar magaji ba, don ba a taɓa sassaƙa wani daidai da shi ba. Maccido yana kan hanyar Gwanja, sai baɗi zai ji.

Ba za a sa gawar a murhu ba. Za a rufe ta gobe bayan la'asar ƙarƙashin tsamiyar bayan rumfa, Bara'atu da kanta za ta haƙa ramin. Za ta zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Ana roƙon mai zuwa kada ya kawo hatsi, babu abin auna shi.