Kulocinmu na Uku Ya Cika a Kan Gada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙauri har yau, ni Tela, a madadin iyalina da jar motarmu mai giya biyar, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu kawo ɗinki rasuwar kulocinmu. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan hawan gada, bayan jinyar wata biyu, da motoci kusan ashirin a bayansa suna danna mana oda. Shekararsa ɗaya da wata bakwai a duniya. Allah sarki, ko ƙuruciya bai gama ba.

Marigayi bawan Allah ne mai gudun fitina. Zamansa a duhu yake, tsakanin inji da akwatin giya, aikinsa kuwa sulhu: ya haɗa su in za a tafi, ya raba su in za a sauya giya, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ya kai yara makaranta. Ya ɗauko mini bandir-bandir na yadi. Ya taɓa hawa tudun asibiti da surukata da ƙannenta uku a kujerar baya, kuma duk wanda ya san su ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Ciwon ya fara da santsi. In na taka totur sai inji ya yi ta kururuwa, "wuuuu", mota kuwa tana jan jiki kamar an yi mata dole. Daga nan ya soma "ƙirrr" duk lokacin da na nemi ribas. Sai ƙauri, irin na dutsen guga da aka manta a kan rigar mutane.

Nan ne na yi abin da nake so jama'a su sani. Uwargida malamar makaranta ce, wata huɗu ke nan da samun lasin ɗinta. Da na ji ƙaurin farko, ban tsaya wata-wata ba na ce ita ce. Na ce sabon hannu, ba ta iya sakin kuloci ba, ni kuwa shekara goma sha biyu ina tuƙi. Na karɓe makullin. Ba ta ja da ni ba, ta ajiye shi a kan teburin yanka ta ce, "Ga kayanka nan." Tun ranar mota biyu take shiga kafin ta isa makaranta, da tarin littattafan ɗalibai a hannu. Tun ranar kuma ban sake jin "Baban Yara" a bakinta ba. "Mai mota, ga ruwan wankanka." "Mai mota, ana sallama da kai." Ina dariya a gaban yara, amma wallahi abin yana cina.

Abin mamaki, da mota ta dawo hannuna ni kaɗai, sai jikin marigayi ya ƙara rikicewa. Ni dai na ce ai ta riga ta illata shi.

Bayan rasuwa aka ja mu zuwa garejin Dogo bakanike. Dogo ba ya bayyana mutuwa da ka. Ya duba man kuloci, yana nan a cike, ba ɗigo. Ya fitar da iska, ba canji. Ya ja hambirki, ya sa giya ta huɗu, ya saki kuloci gaba ɗaya. Inji ya ci gaba da waƙarsa hankali kwance. Dogo ya cire hula ya ce, "In inji bai mutu a nan ba, to kuloci ne ya mutu. Sai haƙuri."

Wuni guda ya yi yana sauke akwatin giya. Da ya fito da gawar, farantin ya suɗe har ƙusoshi sun bayyana, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi. Ya goge wurin tas, ya nuna mini gefen sabon farantin da ke kallon inji, don in an juya shi sai an sake sauke komai. Ya zura sandar saiti ta tsakiya, ya ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gabansa, ya sauya boris, ya bar wa feda ɗan sarari kamar faɗin yatsa biyu. Ana gamawa sai ga Uwargida ta biyo daga makaranta, ta shiga baya. Dogo ya zauna kusa da ni ya ce in ja mu zaga.

Ba titi yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Ba mu kai kwana ta biyu ba ya ce, "Tela, riga kake ɗinka mana ko wando?"

Na sunkuya. Ga ƙafata ta hagu a kan kuloci, tana kaɗawa a hankali, gaba, baya, gaba, baya. Shekara talatin tana kan feda a keken ɗinki, baiwar Allah ba ta san ana ajiye ƙafa a ƙasa ba.

"Na uku ke nan da ka binne," in ji Dogo. "Na farko da na biyu kuwa, Malama ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba."

Can daga baya na ji an ce, cikin murya mai sanyi, "Dogo, bi shi a hankali. Mai mota ne."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Don haka ina shaida wa duk wanda na taɓa gaya wa cewa matata ce ta kashe kuloci: ƙarya na yi mata, ta fi ni iya tuƙi, kuma na ba ta haƙuri a gaban Dogo, ina sake ba ta a nan.

Marigayi ya bar maƙwabtansa biyu, birki da totur, da giya biyar da ribas, da magaji ɗan kwana uku wanda muke roƙa wa tsawon rai. Ya kuma bar wadda ta kashe shi, tana nan cikin takalmina.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ƙofar shagona zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Masu ɗinki a wurina su zo ta'aziyya kawai, kada a tambayi kaya. Uwargida ce za ta ja mota, makulli yana jakarta tun shekaranjiya. Ni ina kujerar gefe. An riga an sa marigayi a kwali, ta kuma tsara inda zai yi tafiyarsa ta ƙarshe. Da safen nan ta ce, "A kan ƙafarka ta hagu za a ɗora shi, Baban Yara, kuma kada in ga ta motsa."