Ranar da na zama darasin Yaya Hauwa

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da na sha a wani ƙaramin asibiti a unguwar Arawa ba. Yayata Hauwa nas ce tun ina yaro, sai ta koma karatun digiri na uku a fannin jinya. Ni ɗan keke napep ne a unguwar Bolari, sakandaren ma da ƙyar na fito, amma kullum ina tsokanarta: "Yaya, duk bokon nan don ɗaura tsumma a hannun mutane?"

Takan ce, "Auta, so nake abin da bincike ya gano ya isa ɗakin awo. Ma'aikatan ƙauye su gane hawan jinin mai ciki tun kafin ta fara jijjiga."

Rannan ta tara nas-nas za ta koya musu awon hawan jini, ta ce in zo a gwada da ni. Da gudu na yarda, don Rahila tana cikinsu (wata nas da nake zagaya layinsu a Dawaki ko ba fasinja). Yaya ta ja min kunne: kar in sha komai, in zo in zauna shiru. Ni gwani, na tsaya wajen mai shayi na kora haɗin direbobi mai ƙarfin nan don ido ya buɗe. Na shigo ina haki, na harɗe ƙafa, ana matsa hannuna ina zuba.

Rahila ta kalli na'ura ta zaro ido. "Anti, wannan ai sai a ba shi gado!"

Nan iyayina ya gudu. Na cafke hijabin Yaya: "Mutuwa zan yi? Don Allah a kira Inna!" (Har da hawaye, wallahi.)

Yaya ko murmushi ba ta yi ba. "Kun gani? Ya sha, ya yi gudu, ya harɗe ƙafa, bakinsa bai huta ba. Da mai ciki ce, da kun firgita ta a banza."

Ɗakin ya fashe da dariya, Rahila har da dafa bango. Da na huta aka sake aunawa, lafiyata lau.

Har yau "A Kira Inna" Rahila take ce min. Amma ban gudu ba. Duk taron Yaya ina kujerar gaba, hannu a miƙe, baki a rufe, sai na wanke sunana. Na dai gane, in mai neman digiri na uku ta ce ka yi shiru, to yi shirun, in ba haka ba da kai za ta koyar.