Mota Ɗaya Cikin Goma

Lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, na dawo Jibiya daga kwalejin malamai, kaina cike da lissafin yiwuwa, na kasa zama wuri ɗaya. Kwana uku ina kai-komo a bakin shingen kwastan da littafi a hannu, ina ƙirga motocin da ke shigowa daga Maraɗi. Lissafi ya fito fes: mota ɗaya cikin goma ake sauke wa kaya.

Na samu Kawu Ilu, mai fataucin wake da atamfa daga Maraɗi, na ce, "Kawu, bar biyan kuɗin fito. Cusa atamfarka ƙarƙashin buhuna, tara cikin goma namu ne." Don ya ga ba na shakka, ranar da ya ɗauko kaya ni na zauna gaban motarsa.

Muna isowa shinge, babban ɗan kwastan ya leƙo. "Malam mai littafi ne? Kwana uku kana rubuta mu, yau mu za mu rubuta ka. A sauke."

Suka kwashe atamfar kaf. Kawu ya dube ni ya ce, "To, ga ɗayan."

Ya daɗe da rasuwa, amma har yau in na yi sallama a gidansa, sai jikokinsa su ce, "Ku ɓoye kaya, Ɗaya-cikin-goma ya zo."